Santimita Shida a Gwiwar Hannu

Litinin, 2 ga Satumba

Yau Hajiya ta ba ni aikin farko da zan riƙe ni kaɗai. Riguna ashirin da takwas na kulob ɗin masu hawan dutse da keke, waɗanda za su saka a gasar gangara ranar Asabar, 5 ga Oktoba. Ni zan zaɓi yadi, ni zan tsayar da tsawon hannu, ni zan fitar da kwalin yanka. Ta ce, "Kai ka karanta yadi a jami'a, to ga yadi." Na ce to. Sau uku na ce to, har sai da ta ɗago ta dube ni.

Sati biyar ke nan da na fara aiki a shagonta. Gwajin wata uku ne, zai ƙare ƙarshen Oktoba.

Baba Mai Yanka, da ya shekara talatin da ɗaya a bakin teburin nan da almakashinsa, har yau bai kira sunana ba. "Digiri" yake ce min, masu ɗinki duk sun ɗauka. Da ya ji labari ya ce, "Digiri, an ba ka mota ke nan. Ka san inda birki yake?" Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Laraba, 4 ga Satumba

Kwana biyu ina karatu kan hannun riga. Gajeren hannu ya fi shan iska, amma ƙaya da rana suna cin damtse. Dogo yana kare fata har wuyan hannu, sai dai zafi, kuma in ya yi yalwa reshe na iya kama shi. Akwai na tsakiya, mai wuce gwiwar hannu da kaɗan, shi na fi gani a hotunan masu gangara. Na lura duk faffaɗa ake yin sa, kamar an ara daga jikin wani. Ban ga inda aka rubuta dalili ba. Ina jin yayi ne kawai.

Na gwada yadi huɗu. Shuɗin mai santsi ya fi saurin bushewa: minti goma sha ɗaya a inuwa. Yana miƙewa kashi ashirin cikin ɗari, na ja shi sau biyar na auna.

Ni rabona da hawa keke tun aji huɗu na firamare. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 7 ga Satumba

Ranar awo. Sun zo shago su ashirin da takwas, wasu daga wurin aiki, wasu da 'ya'yansu a mota suna jira. Shagon ya cika da hayaniya.

Shugabansu, da kowa ke ce wa Kyaftin, ƙato ne mai murya kamar yana kiran wani a tsallaken titi. Na nuna musu hannu kala uku a takarda, bai bari na gama ba. "Dogo muke so, kuma ya kama jiki. Mun gaji da rigunan da iska ke kaɗawa kamar shanya. Sunan kulob ya bi hannun tun daga kafaɗa har ƙasa, a gan shi a hoto." Kusan kowa ya ce haka ne.

Na sa kowannensu ya sunkuya ya dafa teburin yanka kamar ya riƙe kan keke, don hannu a lanƙwashe ba tsawonsa ɗaya da hannu a sake ba. Wannan dabarar ta burge su. Kowane awo sau biyu na yi.

Akwai wani dattijo a cikinsu, malamin lissafi ne a makarantar 'yan mata, Ticha suke ce masa. Ina auna gwiwar hannunsa na ce, "Ashirin da tara." Ya ce, "Da ɗigo nawa?" Na ce, "Da ɗigo sifili." Ya juya ga sauran ya ce, "Kun gani? Wannan ɗan gidanmu ne. Da ɗalibaina haka suke da ban yi furfura ba." Shi kaɗai ya tambaye ni ko na sha ruwa tun safe.

Litinin, 9 ga Satumba

Baba ya ɗaga kwalin hannun ya duba ta haske, ya ajiye.

"Ka bar musu wuri a gwiwa, Digiri. Ƙara yatsa uku."

Na yi masa bayani. Gwiwar Ticha misali ashirin da tara ce, na yanka ashirin da bakwai, yadin yana miƙewa har talatin da biyu da ɗigo huɗu. Wurin ya isa har da saura. Kuma masu kaya sun ce ya kama jiki.

Ya ce, "Ni ban san ɗigo ba. Na dai san mutum ba ya zama yadda ya tsaya a gaban tela." Na tambaye shi dalilin yatsa ukun, ya ce hannunsa ne ya gaya masa. Ba zan iya rubuta "hannun Baba" a takardar aiki ba. Na bar kwalin yadda yake.

Ya yanka.

Laraba, 18 ga Satumba

An ba da riguna. Sun zauna das a jikin kowa. Kyaftin ya tsaya gaban madubi yana murɗa damtse, ya ce wa Hajiya, "Wannan yaron ki riƙe shi da hannu biyu." Hajiya ta yi murmushi ta dube ni. Karon farko.

Na dawo gida na gaya wa Yaya. Ta dawo daga asibiti ke nan ko takalmin aiki ba ta cire ba, ta ce, "Autanmu ya zama mutum!" Mijinta ya ce a ɗinka masa ɗaya ko da yake ko keken yara ba ya iya hawa.

Litinin, 23 ga Satumba

Kyaftin ya sa ni a zaurensu na waya don in ga hotunan fitar jiya. Sun yi kyau ƙwarai, shuɗi reras a kan dutse. Ina hutun rana na yi ta komawa baya ina kallon tsofaffin hotuna, don in ga yadda rigunan da suke da su a da suka kasance.

A hoton watan jiya akwai mutum goma sha bakwai. Goma sha biyar suna da wani baƙin abu a gwiwar hannu, yana leƙowa ta ƙarƙashin faffaɗan hannun riga. Kariya ce ta roba mai tauri da soso a ciki, su ƙoƙo suke ce mata.

A hoton jiya mutum goma sha tara. Na ƙara girman hoton na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu ko ɗaya mai ƙoƙo.

Na sake ƙirgawa. Babu.

Ba yayi ba ne. Faɗin hannun nan wurin ƙoƙo ne.

Na shiga banɗaki na zauna a kan murfi har sai da wani ya ƙwanƙwasa.

Talata, 24 ga Satumba

Na biya ta shagon gyaran kekuna na ari ƙoƙo ɗaya, na ce aikin awo zan yi. A ɗakina na saka na auna. Yana ƙara santimita shida a kewayen gwiwa. Ga Ticha ke nan talatin da biyar. Hannun da na yanka, ko an ja shi iyakar ƙarfi, talatin da biyu da ɗigo huɗu. Ba zai shiga ba. Ba zai shiga wa kowa ba, na bi takardar duka ashirin da takwas.

Na ce to a ɗaura a saman riga mana. Na gwada a kan samfurin da ya rage. Cikin ƙoƙon akwai wata roba mai kama fata, a kan yadin nan mai santsi ba ta da abin kamawa. Na lanƙwasa hannu sau tara, ya zamo har wuyan hannu. Ga shi kuma yana rufe sunan kulob.

Wato sun gwada, ya ƙi, suka ajiye shi a gida. Saboda rigata.

Ba wanda ya kawo ƙoƙo ranar awo. Ba wanda ya ambata. Ni kuma ban tambayi abin da suke sakawa a ƙarƙashi ba. Tambaya ɗaya.

Laraba, 25 ga Satumba

Ban faɗa ba.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na je har ƙofar ofis ɗin Hajiya da ƙoƙon a aljihun wando. Tana tare da wani mai makaranta da ke son kayan wasanni. Ta hango ni ta ce, "Yawwa, ga shi nan, shi nake ba ka labari. Ba ya kuskuren ko rabin santimita." Mutumin ya miƙo min hannu. Na gaishe shi. Ta ce, "Akwai magana ne?" Na ce a'a, zaren shuɗi ne ya kusa ƙarewa.

Zaren shuɗi akwai kwali guda cur.

Manya ne fa. Kowannensu ya girme ni, sun san dutsen, ni ban sani ba. Su suka ce ya kama jiki. Ba ni na cire musu ƙoƙo ba. Na maimaita wannan tun daga shago har gida, bai zauna min ba.

Juma'a, 27 ga Satumba

Na rubuta wa Kyaftin saƙo. Layi shida. Na gyara ya koma huɗu. Na goge.

Na duba tsofaffin saƙonnin zauren: cikin wata goma sha huɗu faɗuwa mai tsanani uku aka ambata. Wato kusan ɗaya a wata biyar. Fita ɗaya ta rage kafin gasa. Lissafi yana gefena. In gasa ta wuce zan faɗa a hankali, in ce shawara ce don na gaba.

Yaya ta ce na bar abinci a faranti kwana uku a jere. Na ce ciki ne.

Lahadi, 29 ga Satumba

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin saƙo ya shigo zaure. Ticha ya faɗi a kwana ta uku ta gangaren, inda tsakuwa take. Hannun dama. Suna hanyar asibiti.

Wani ya sa hoto kafin Kyaftin ya ce a cire. Na riga na gani. Shuɗin ya yage daidai gwiwa.

Ba zan iya rubutu ba yau.

Litinin, 30 ga Satumba

Da safe na tambayi Yaya, kamar tambayar banza, in mutum ya faɗi kan gwiwar hannu ƙashin ya fashe, yana komawa daidai? Ta ce ya danganta. Wasu hannun ba ya ƙara miƙewa duka. Na ce in da akwai kariya fa? Ta ajiye kofinta ta ce, "Auta, wa ya faɗi?" Na ce wani ne a wurin aiki. Ta ce ba wanda zai iya rantsuwa, wataƙila da ƙujewa kawai zai yi, wataƙila da duk da haka ya karye. Na so ta ba ni lamba. Babu lamba.

Bayan an tashi daga aiki na je dubiya. Gado na shida daga ƙofa. Hannun a naɗe an rataye shi, gobe za a yi aiki a sa ƙarfe. Ƙashin ya rabu uku. Fuskarsa ta faɗa, amma da ya gan ni sai ya washe baki.

"Ɗan gidanmu! Ka ga abin da tsakuwa ta yi wa tsoho?"

Na ce Allah ya sawwaƙe.

Ya ce abin da ya fi ba shi haushi, da almakashi suka raba shi da rigar. "Na ce musu ku bi ta ɗinki, akwai mai gyara, ba su saurare ni ba. Za ka yi min wata? Irinta sak, kada ka canza komai."

Ya ce 'yan ajin ƙarshe jarrabawarsu saura sati bakwai, shi kuma da hagu ko sifili bai iya zagayewa ba. Ya yi dariya, dariyar ta taɓa hannun, ya runtse ido.

Na zauna minti goma sha huɗu. Ban faɗa ba. A matakalar asibiti na zauna a kan ta uku har mai shara ta ce in matsa.

Saura kwana biyar. Mutum ashirin da bakwai za su bi ta kwanar nan da gudun gasa.

Talata, 1 ga Oktoba

Na zo kafin kowa, sai Baba da ke wasa almakashi. Na ajiye ƙoƙon a kan teburinsa, na ajiye samfurin rigar kusa da shi. Ya ɗauka, ya cusa ƙoƙon a hannun rigar, ya tsaya a rabi. Ya juya shi ya sake. Ya cire tabarau.

"Tun yaushe ka sani?"

Na ce tun Litinin ta makon jiya.

Na jira ya ce ai ya gaya min. Sai ya ce, "Ni ma ban san da wannan abin ba, Digiri. Yatsa ukun nan nawa sa'a ce kawai. Tashi mu je, tun ƙafarka na ɗaukarka."

Shi ya ƙwanƙwasa, amma ya tsaya a bakin ƙofa ya bar ni na shiga. Na faɗa wa Hajiya duka, da lambobin, da ranakun. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Kuskuren awo kowa na yi a gidan nan, har ni. Ranar Alhamis da ka tsaya a nan ka ce min zare, wannan abin yana aljihunka?"

Na ce e.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce maganar zamana a shagon sai bayan gasa, yanzu ba ta da lokacina. Ta juya ga Baba ta ce, "Me za a iya yi a kwana uku?"

Baba ya ce a farke ɗinkin ƙarƙashin hannu daga hammata zuwa wuyan hannu, a saka ƙyalle mai siffar ganye, faɗinsa a gwiwa santimita shida. Sunan kulob yana sama, ba zai taɓu ba. Hannu hamsin da huɗu. Ta ce a ajiye duk wani aiki. Sannan ta ce min, "Kai za ka kira su. Ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba za ka ce gyaran ado ba ne."

Laraba, 2 ga Oktoba

Kira ashirin da bakwai. Kafin kowanne sai na miƙe tsaye, ban san dalili ba. Jimla ɗaya nake faɗa: na yanka hannun rigarku bai bar wurin ƙoƙo ba, laifina ne, ku kawo a gyara kafin Juma'a.

Wasu sun yi dariya. Wata mata a cikinsu ta ce, "Wallahi mijina ya yi ta faɗa, na ce masa rigar ce ta ƙi." Wani ya ce, "To Ticha fa?" Na ce e, shi ma. Ya kashe wayar. Bayan awa ɗaya ya kawo rigar da kansa, bai gaishe ni ba.

Kyaftin ya ce, "Kai Digiri, ka cika tsoro. Shekarata goma sha biyu a dutsen nan. Tsakuwa ce ta kayar da Ticha ba riga ba. Tawa ba mai taɓa ta, haka nake son ta." Na ce don Allah. Ya ce yana tuƙi.

An yi wa Ticha aiki jiya, awa uku. An ce ya farfaɗo lafiya.

Riga goma sha shida sun shigo.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Farka ɗinkin yadi mai miƙewa azaba ce, zare huɗu ne a sarƙe. Na huda ɗaya, Baba ya karɓa ya rufe ramin a cikin sabon ɗinki. Babban yatsana ya yi bororo. Masu ɗinki ba su yi min tsiya ba yau ko sau ɗaya, abin ya fi tsiyar ciwo.

Kowace riga in an gama ni nake saka ƙoƙo in zura hannu in lanƙwasa sau ashirin. Yana zama.

Ashirin da biyu.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Ashirin da huɗu an gama an mayar. Saura uku: Kyaftin da abokansa biyu da ke bin bakinsa.

Na gaya wa Yaya komai da yamma tana ninke wanki. Ta ce, "Na san akwai abu tun ranar da ka tambaye ni ƙashi." Ta ce in je in gaya wa mutumin da bakina kafin ya ji a bakin wani. Na ce bayan gasa. Ta ce, "Kai da bayan gasa."

Na sa ƙaramin almakashi a jaka da ƙoƙo uku na aro. Ban san me zan yi da su ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Motar ɗaukar kekuna ce ta kai ni sama. Hanyar tana bin gefen rami, na kama ƙarfen motar na rufe ido har muka tsaya. Daga wurin tashi in ka leƙa ƙasa, mutane kamar ƙwayar shinkafa. Ban taɓa sanin haka gangaren yake ba. Wata guda ina yi wa wurin nan riga ban taɓa ganinsa ba.

Na bi layi ina duba gwiwoyi. Ashirin da huɗu duk sun kumbura da ƙoƙo a ƙarƙashin shuɗi.

Kyaftin shi ne na bakwai a tashi. Yana kan keke, hular kwano a kai, hannu sumul. Ban tuna na yanke shawara ba. Na dai ga hannuwana biyu a kan kan kekensa.

"Digiri, lafiya? Saki."

Na ce ba zan saka ba.

"Ka san da wa kake magana?"

Na ce na sani, ranka ya daɗe. Na ce minti biyu kawai, in yanke hannun a saman gwiwa ka ɗaura ƙoƙo a fata. Mai busa usur ya ce saura mutum uku. Kyaftin ya ja keken baya, na bi shi, ban saki ba. Wani ya ce, "Kyaftin, ka bari mana, yaron nan zai suma a kan tayarka."

Matar nan da mijinta ya yi faɗa ta ce daga bayan layi, "In kai ma ka karye wa zai kai mu dubiya?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya dube ni kamar zai mare ni. Sannan ya miƙo hannun dama ya kau da kai. "Yanka. In ka taɓa min fata sai na jefa ka ƙasan can."

Na yanka. Almakashin ya raba sunan kulob biyu. Ya ga rabin ya faɗi a ƙasa ya ce, "Kai, Allah ya isa," amma ya miƙo na hagu.

Ɗaya abokin ya zo da kansa. Na ukun ya ce shi ba mai yanka masa riga, ya tafi haka. Na tsaya ina kallon bayansa har ya ɓace a kwana ta farko.

Na ukun ya sauka lafiya. Mutum biyu sun faɗi, dukansu sun tashi da ƙafarsu. Ɗaya ya nuna min ƙoƙonsa da na iso ƙasa, dutse ya yi masa rami mai tsawon santimita huɗu. Wannan ba hujja ba ce ta komai game da Ticha. Na dai riƙe shi na daɗe ina kallo.

Kyaftin ya zo na biyar. Bai yi min magana ba. A hoton ƙarshe ya tsaya a baya.

Da ƙafa na sauko, minti hamsin.

Lahadi, 6 ga Oktoba

An sallami Ticha jiya. Na je gidansa da hantsi.

Matarsa ce ta buɗe. Ta ce, "Daga makaranta?" Na ce a'a, ni ne na yanka rigar da ya faɗi da ita. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta matsa ta ba ni hanya.

Yana falo da allo ƙarami a cinya, yana koyon rubuta lambobi da hagu. Bakwai ɗinsa kamar ƙugiya. Na ƙi zama. Na faɗa masa a tsaye: hoton Litinin, awon Talata, ƙofar Hajiya, saƙon da na goge. Har lissafin wata biyar ɗin na faɗa.

Ya ce, "Litinin zuwa Lahadi." Ya ƙirga a yatsun hagu, suka ƙare, ya ɗaga babban yatsa ya sake. "Shida."

Na ce e.

Ya ce ƙoƙon shi ya cire da hannunsa, yana kan firji tun ranar, ba wanda ya tilasta shi. Wannan nasa ne. "Amma shidan nan naka ne. Da ka turo layi ɗaya da na saka tsohuwar rigata." Bai ce ɗan gidanmu ba. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba, na ga bai kamata in ɗora masa wannan aikin yau ba.

Na juya zan tafi ya ce in tsaya. Ya kira matarsa ta kawo rigunan aikinsa uku. Ranar Laraba zai koma aji, ko da baki ne zai koyar, kuma ba wadda hannunta ke wuce ɗaurin. "Ka iya buɗe su?" Na ce na iya. Na durƙusa na zagaya tef a kan ɗaurin a hankali. Arba'in da ɗaya. Bai tambayi ɗigo ba. Na ce zan kawo Talata da yamma. Ya ce, "Mu gani."

Gobe Hajiya za ta faɗi matsayina. Ban san me za ta ce ba, kuma in ta ce in tafi ba ta zalunce ni ba. Ko ta ce me, zan roƙi Baba ya bar ni a keken ɗinkin baya awa biyu in gama rigunan nan.

Na dawo na farke hannu biyu kafin la'asar. Yaya ta zuba abinci na cinye, na miƙa faranti ta ƙara. Ta tsaya da cokali a hannu tana kallona.

Tafiyar jiya ce. Minti hamsin a gangare ba wasa ba ne.